Lambar da ke ƙasan hoton nan ba kwanan wata ba ce

Jama'a, barkanmu da warhaka. Tun da bidiyon nan na farashin hotuna ya fara yawo a WhatsApp, daga Agege har Idi-Araba a Legas tambaya ɗaya ake yi: hoto, takarda kawai, wai miliyoyin naira? Wani bawan Allah a Mile 12 ya ce mini, "Malam, ai in na ɗauka da wayata na kai a wanke mini, shi ke nan na samu nawa."

To, ga inda ake baje kolin irinsu. Wannan ART X Lagos ce, kasuwar baje kolin zane da hotuna da Tokini Peterside ta kafa a 2016. Wancan kuma bikin LagosPhoto ne, wanda Azu Nwagbogu ya fara a 2010. Mu wuce, ba nan gizo ke saƙar ba.

Tsaya nan. Matso ƙasa, gefen farar takardar. Kun ga rubutun fensir? 3/10. Wasu sun ce uku ga Oktoba ne, wani ma ya ce maki ne aka ba mai hoton, ya faɗi jarrabawa! A'a. Mai hoton ne ya ƙayyade cewa kwafi goma kacal zai wanke na wannan hoto a wannan girma, kuma wannan shi ne na uku. Da na goman ya fita, an rufe ƙofa. Ko wa ya zo da buhun kuɗi, ba na goma sha ɗaya. Alkawari kaya ne, kuma wannan alkawarin ne mai saye yake biya, tare da sa hannun mai hoton da takardar shaidar cewa na asali ne. Shi ya sa sau da yawa na tara ya fi na biyu tsada: ba don ya fi kyau ba, sai don kayan sun kusa ƙarewa. In kun ga AP a madadin lamba, kwafin gwaji ne da mai hoton ke ajiye wa kansa, ɗaya ko biyu.

Ku ɗan kalli hoton kitson nan. Aikin mai ɗaukar hoto marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere ne. Daga 1968 ya bi matan Najeriya yana ɗaukar gyaran gashinsu, yawanci ta ƙeya, har ya tara hotuna kusan dubu. Ni dai duk sanda na tsaya gabansu sai na tuna iyayenmu mata a tsakar gida, yarinya ta ɗora kai a cinyar makitsiya. Ya rasu a 2014, don haka kwafin da ya sa wa hannu da kansa ba za su ƙaru ba har abada.

Gajeren fim ma haka ake sayar da shi a gidajen baje koli: a ba ka shi a filash, da lambarsa, da takardarsa.

Sai dai a kula. Kwafin ka saya, haƙƙin mallaka yana hannun mai aikin. Rataya shi a falo, ko ka sayar wa wani in ka so, amma buga shi a kalanda ko a jikin riga sai da izininsa.

Yanzu bari mu juya firam ɗin. Ga sunan, ga shekarar, ga lambar, daidai da wadda ke gaba.