Digirin kasuwanci da aikin akanta: wai ina ribar take?

Sadiq: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau dai maganar nan da ta ƙi mutuwa a guruf ɗinmu tun ranar Juma'a ita za mu taɓa, wai yaro ya cike Business Admin, wato kwas ɗin gudanar da kasuwanci, ko Akantin a JAMB ko kuwa asarar shekara huɗu ce. Ga Anti Hauwa, ga Malam Bashir. Anti ke ce mai ICAN a cikinmu, wato takardar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, bismillah.

Hauwa: Wa alaikumus salam. Ni wallahi maganar nan ta dame ni ne saboda ƙanwar ƙawata, yarinya mai ƙoƙari, an ce mata wai duk wanda ya karanta kasuwanci POS zai ƙare da shi a bakin Kasuwar Barci, ta zo tana kuka za ta canja kwas.

Bashir: To ai ba ƙarya aka yi mata gaba ɗaya ba Anti. Ki je ki ƙirga masu POS daga Kawo zuwa Tudun Wada ki tambaye su me suka karanta.

Hauwa: Ka tambaye su ɗin mana, za ka samu mai Kimiyyar Siyasa, za ka samu injiniya, rashin aiki bai ware kwas ɗaya ba. Abin da nake so mutane su gane, digirin ƙofa ce kawai, kuma a akantin ƙofa ta biyu ita ce mai nauyin. In ka gama KASU ko ABU ko ka yi HND a Kadpoly ka tsaya nan, kai da dubban mutane takardarku iri ɗaya ce. Sai ka zauna jarrabawar ƙwararru tukuna kasuwa take fara kallonka da wani ido.

Sadiq: ICAN kenan.

Hauwa: ICAN ko ANAN, ita ma ƙungiyar akantoci ce. ICAN tun 1965 doka ta kafa ta, shugabanta na farko Akintola Williams, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 104. ANAN kuma ta samu tata dokar a 1993, tana da kwalejinta a Kwall can wajen Jos. Ita ICAN mataki uku ne, na tushe, na tsakiya, sai na ƙarshe, kuma wanda ya karanta akantin a makarantar da suka tantance ana yafe masa wasu takardun. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yaranmu da yawa ba su san da ATS ba, jarrabawar ƙananan akantoci ta ICAN, wanda da takardar sakandare ma za ka iya farawa, kana aji ɗaya a jami'a kana rubutawa a gefe. 'Yan kudu tun suna aji biyu sun gama da shi, mu sai mun dawo daga bautar ƙasa muke fara tambayar ina ake sayen fom.

Bashir: Kuɗi ne Anti, ba rashin sani kaɗai ba. Kuɗin rajista, kuɗin kowace takarda, kuɗin darasin ƙarshen mako, ga faɗuwa, mutum ya faɗi takarda ɗaya ya sake biya.

Hauwa: Wannan gaskiya ne ban musa ba. Amma alawin bautar ƙasa yanzu dubu 77 ne, wanda ya samu wuri kusa da gida zai iya ware wani abu. Na san da wuya, na rubuta tawa ina goyo, ƙarfe uku na dare nake tashi in shimfiɗa littattafai a kan darduma bayan nafila saboda lokacin ne kawai gidan yake shiru.

Sadiq: Allah ya saka. Amma Anti tunda kika zama akanta nawa ne bikin da aka damƙa miki kuɗin gudummawa?

Hauwa: Kai Sadiq kar ka tayar da wannan! (dariya)

Sadiq: A'a ki faɗa wa jama'a, don wannan ma aiki ne da digirin yake jawowa.

Hauwa: Duk bikin dangi ni ce mai littafi. Kuɗin anko, kuɗin gara, kuɗin mai kiɗan ƙwarya.

Bashir: A gidanmu ma haka ne, akwai ɗan yayana da ya yi difloma a akantin, ranar sunan ɗan autan Yaya aka ba shi biro da littafi aka zaunar da shi a bakin zaure, Gwaggo tana cewa ai shi ya karanta kuɗi.

Sadiq: Ya karanta kuɗi! Wallahi sunan kwas ɗin kenan a wurin tsofaffinmu.

Bashir: Kuma in dubu biyu ta ɓace shi za a kalla.

Hauwa: Ai shi ya sa nake ba da rasit ko a biki ne. Wata Hajiya ta ce min yarinya ni da na yi miki wankan jego za ki ba ni takarda? Na ce Hajiya ki riƙe dai, don gobe.

Sadiq: Ta karɓa?

Hauwa: Ta ƙulle shi a gefen zani tare da goronta.

Bashir: To shi ɗan yayan nawa har yanzu in an ganshi sai a ce ga mai karatun kuɗi, ko sunansa an daina kira.

Sadiq: Toh mu dawo kan hanya, lokaci na tafiya. Malam Bashir kai ɗan kasuwa ne, kai ka ce a guruf Alhassan Ɗantata bai yi digiri ba.

Bashir: Kuma ina nan a kan bakana. Kasuwa a kasuwa ake koyonta. Yaron da ya yi shekara biyar a shagon ubangidansa a Kasuwar Gumi ya fi mai digiri sanin yadda ake ciniki, ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba.

Hauwa: Ciniki ya fi shi sani, na yarda ɗari bisa ɗari. Amma tunda ka kawo Ɗantata, shi Aliko Ɗangote da ya fito daga gidan ai kasuwanci ya karanta a Azhar ta Alƙahira. Bari in ba ka labarin kawuna, shekara kusan ashirin yana sayar da atamfa da shadda, kullum shago cike da mutane, amma duk bayan sallah sai ya ciyo bashi ya sake sari. Ya fara zargin yaran shago, har ya kori ɗaya, yaro marar laifi. Na ce Kawu ba ni wata ɗaya. Na sayi littafi mai bango mai kauri, na raba shi gida uku, abin da ya shigo, abin da ya fita, da bashin da ke hannun mutane. Wallahi ba mu kai sati uku ba abin ya fito fili. Cefanen gida biyu daga aljihun shago yake fita, kuɗin makarantar yara daga nan, taransifa kuma kwastoma suna turawa asusunsa na kansa ya haɗe da kuɗin gida, ga bashin 'yan uwa da ba a rubuta ba, turmi biyu nan, uku can, wai sai an yi albashi. Uwar kuɗin yake ci yana zaton riba ce. Da na nuna masa shafin ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, washegari da kansa ya je gidan su yaron nan ya ba shi haƙuri.

Bashir: Allahu akbar. Wannan ciwon kam rabin kasuwa na fama da shi, jari da riba a aljihu ɗaya.

Hauwa: To ka gani. Kuma nan aikin yake, yaranmu suna ta hangen manyan kamfanonin akantoci irin KPMG da Deloitte a Legas da Abuja, ko banki, ko ofishin Akanta Janar, alhali ga shaguna, ga makarantun kuɗi, ga asibitoci masu zaman kansu, ga masu gidan burodi da masu kiwon kaji duk ba su da mai riƙe musu littafi. Ga maganar haraji, VAT, harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, kashi 7.5 ne tun 2020, an sa hannu a sababbin dokokin haraji a 2025, KADIRS, hukumar haraji ta jihar Kaduna, na nan tana bin mutane, ɗan kasuwa ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, bai san akwai bayanan da zai riƙa miƙawa duk shekara ba. Banki ma ba zai ba ka rance ba sai ya ga lissafinka a rubuce. Wanda ya iya wannan ya riƙe shago biyar ko shida yana karɓar na wata, ya wuce zaman jiran takardar ɗaukar aiki.

Sadiq: Amma Anti kwamfuta fa? Ana ta cewa manhajoji za su cinye aikin.

Hauwa: Za su cinye aikin mai kwafe lamba daga rasit zuwa littafi, wannan kam ya tafi. Shi ya sa nake jin takaici in ga mai digiri bai iya Excel ba, manhajar nan ta lissafi, ya haddace ma'anar kalmomi ya ci jarrabawa amma a ba shi bayanan banki na wata ɗaya ya daidaita da littafin shago sai ido ya raina fata. Na yi wa mutum bakwai intabiyu a wurin aikinmu, biyu ne suka iya. Manhaja ba za ta zauna da Kawu ta gaya masa cikin ladabi cewa shi ne yake cin jarinsa ba.

Bashir: Shi kuma Business Admin ɗin fa? Kin fi karkata ga naku.

Hauwa: Shi ya fi faɗi, ana taɓa talla, ana taɓa kula da ma'aikata, ana taɓa lissafi kaɗan, to dole mai shi ya zaɓi abu ɗaya ya ƙware a kai, in ba haka ba...

Sadiq: Anti yi haƙuri, an ɗauke wuta kuma batirin na'urar nan ya nuna ja, ga kiran magariba ya kusa. Mun so mu karanta saƙonnin masu sauraro mu kuma yanke wa ƙanwar nan shawara.

Hauwa: Kar ta canja kwas ɗinta, ta zo gida ranar Asabar in nuna mata yadda ake cike fom ɗin ATS.

Bashir: Ni ma zan turo miki yaron shagona da littafinmu, ki duba mana.

Sadiq: Sai mako mai zuwa jama'a, a turo tambayoyi. Assalamu alaikum.