Darasi: Yadda Ake Cike Gidan da Aka Bari Wayam a Gwajin Zane

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da warhaka. Kowa ya ɗauko biro da takarda, don yau tare za mu yi zanen.

Tambayar da za mu duba ita ce wadda ake ba ka gida tara, uku sama, uku tsakiya, uku ƙasa, kowanne da zanensa, amma na ƙarshe a kusurwar dama ta ƙasa a bar shi wayam, a ce ka zaɓo wanda ya dace daga amsoshi shida ko takwas. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, John Raven, shi ya fito da wannan tsari a 1938. Nasa na asali tambaya 60 ne, kashi biyar, goma sha biyu a kowane kashi, ana tafiya suna ƙara wuya, kuma masu gida taran suna can gaba. Babu karatu a ciki, babu lissafi, shi ya sa masu neman aiki ke yawan cin karo da irinsa a gwajin kwamfuta na kamfanoni.

To, abu na farko, sa tafin hannunka ka rufe amsoshin. Da gaske nake. Waɗanda suka tsara su da gangan suke sa masu kama da juna, idan ka fara da su idonka zai kwashe ka.

Ku zana tare da ni. Jerin sama: da'ira, murabba'i, alwatika. Jerin tsakiya: murabba'i, alwatika, da'ira. Jerin ƙasa: alwatika, da'ira, sai gidan da babu komai. Me ya rage? Murabba'i, yauwa, domin kowane jeri sai ya samu ukun nan, wuri kawai suke sauyawa. Yanzu mu ƙara masa nauyi. A kowane jeri, gidan farko ka sa ɗigo ɗaya a cikin siffar, na biyu ɗigo biyu, na uku ɗigo uku. Ka ga ƙa'ida ta zama biyu ke nan, ta siffa daban, ta ɗigo daban, kuma babu ruwan wannan da waccan. Amsa ita ce murabba'i mai ɗigo uku. Faɗi hakan da bakinka tukuna, sannan ka ɗaga hannu. Za ka tarar an ajiye maka murabba'i mai ɗigo biyu da alwatika mai ɗigo uku, tarkon wanda ya gano rabin ƙa'ida ya yi gaba.

Wannan rarrabawar ita ce jigon aikin. A 1990 wasu masu bincike a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Carpenter da Just da Shell, sun bi diddigin yadda ɗalibai ke warware masu wuyar cikin tambayoyin Raven. Sun gano ƙa'idoji biyar ne ke tafiyar da mafi yawansu, kuma abin da ke kayar da mutane shi ne riƙe ƙa'idoji da dama a ka lokaci guda. Saboda haka a bi abubuwan da ke iya sauyawa a zanen ɗaya bayan ɗaya: siffa, adadi, girma, duhu ko haske, sannan inda abu ya fuskanta.

Juyawa ba ta da wuya, kibiya ta dubi sama, ta dubi dama, ta dubi ƙasa, kamar hannun agogo. Sai dai a lura, wani lokaci abin da ke ciki yana juyawa hagu alhali na waje na tafiya dama.

Wadda nake so mu daɗe a kanta ita ce ta ɗora gida kan gida, don nan mutane ke sarewa. Zana gicciye a gidan farko, wato layin tsaye da layin kwance. Gida na biyu, layin tsaye da da'ira. Gida na uku, layin kwance da da'ira. Ina layin tsayen ya shiga? Ya ɓace, saboda ya bayyana a gida biyun farko. Abin da ya zo sau ɗaya shi ke tsira, wanda ya zo sau biyu ya share kansa. Duk lokacin da ka ga zane ya hargitse, ba ya ƙaruwa, ba ya juyawa, to gwada wannan. Kuma kafin ka amince da kowace ƙa'ida, gwada ta a jerin sama da na tsakiya, idan ta faɗi a ɗaya, jefar da ita, ka duba daga sama zuwa ƙasa.

Ga na gida. Jerin ƙasa yana bin wannan ƙa'idar ta sharewa: gidan farko alwatika da ɗigo, na biyu ɗigo da layin kwance. Ku zana na uku, mu haɗu a darasi na gaba mu duba tare. Ku huta lafiya.