Lema Biyu da Agogo Ɗaya: Lacca Kan Dirowa Daga Jirgin Sama

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina godiya ga shugaban taro, da iyayenmu da suka zauna a sahun gaba, da ɗalibai da na ga sun cika baya, waɗanda nake zaton yawancinsu sun zo ne su ga irin mutumin da ke barin jirgi mai lafiya ya faɗo da gangan. To, ga ni, kuma kamar yadda kuke gani, ƙafafuna biyu suna nan.

Abubuwa huɗu na shirya in yi magana a kansu: kayan aiki, yadda ake riƙe jiki a cikin iska, abin da ake yi idan lema ta ƙi, sannan sauka. Wannan jakar da na ajiye a kan tebur ita ce malamarmu ta yau, kuma ina roƙon kada kowa ya ja wani abu a jikinta, musamman wannan jan matashin.

Na farko, kaya. A ranar 22 ga Oktoba, 1797, wani Bafaranshe mai suna André-Jacques Garnerin ya sauko daga balan-balan a birnin Paris da lemar siliki, ya yi ta lilo kamar guga a bakin rijiya, amma ya isa ƙasa da ransa. Sai a 1919 Leslie Irvin ya diro daga jirgi a jihar Ohio ta Amurka, ya faɗo na ɗan lokaci, sannan ya ja igiya da hannunsa lemar ta buɗe. Ya karya idon sawu wajen sauka, kuma ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi. Lemar da kuka saba gani a hotunan sojojin lema, mai kama da faifai, tana sauke mutum ne inda iska ta ga dama. Wadda muke amfani da ita yau mai kusurwa huɗu ce, ta samo asali daga ƙirar Domina Jalbert a shekarun 1960, kuma a gaskiya fiffike ce. Bakinta a buɗe yake ta gaba, iska na shiga ta cika ɗakunan da ke cikinta, sai ta yi tauri ta riƙa tafiya gaba, kana juya ta da linzami biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A cikin jakar nan lema biyu ne. Babbar tana ƙasa, ta ko-ta-kwana tana sama. Babbar mai ita na iya naɗe ta da kansa, amma ta ko-ta-kwana sai ƙwararre mai lasisi, kuma a dokar Amurka dole a warware ta a duba a sake naɗewa duk kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Akwai ɗan kati a aljihun jakar da ke ɗauke da kwanan wata da sa hannun wanda ya naɗe. Sauran kayan su ne hular kwano, tabarau mai kare ido daga iska, da agogon auna tsayi da ake ɗaurawa a hannu.

Na biyu ba zai ɗauke mu lokaci ba. Idan ka fita daga jirgi, ka bankare, wato ka tura ƙugu gaba, ka ɗaga haɓa, ka buɗe hannuwa da ƙafafu. Jikin da ya bankare yana kwanciya a kan iska ciki ƙasa, wanda ya dunƙule saboda tsoro kuwa yana ta wuntsilawa, kuma lemar da aka buɗe ana wuntsilawa igiyoyinta na iya naɗe ƙafa ko hannu. Shi ke nan. Sauran sai a aikace.

Yanzu bari in koma kan agogon nan, domin shi ne ainihin abin da ya kawo ni. Ana fita daga jirgi yawanci a tsayin ƙafa 13,000, wato kusan mita 4,000. Cikin daƙiƙa goma sha biyu ko makamancin haka jiki na kai iyakar gudunsa, wajen kilomita 200 a awa guda, kuma daga nan duk daƙiƙa biyar da rabi kana cinye ƙafa 1,000. Abin da ba wanda zai yarda da shi sai ya gwada shi ne, ba ka jin kana faɗowa. Babu bishiya ko bene da ke wucewa ta gefenka, ƙasa kuma tana can shimfiɗe kamar tabarma, ba ta ko motsi, iska kawai kake ji tana dukan fuskarka. Idonka zai ce maka akwai sauran lokaci, kuma ƙarya yake yi maka. Lokacin da ƙasa za ta fara bunƙasa a idonka har ka ga tana tahowa, ka riga ka makara. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya riƙa duba agogo duk bayan 'yan daƙiƙu, da bayan kowane motsi da ya yi, har abin ya zama masa jiki kamar yadda direban kirki ke duba madubi.

Ƙungiyar masu dirowa da lema ta Amurka, USPA, ta ce ɗalibi da mai lasisin farko kada su wuce ƙafa 3,000 ba su buɗe ba. Ku yi lissafi da ni, ɗalibai na baya, ai kun fi ni sanin lissafi. Ƙafa 3,000, kowace dubu daƙiƙa biyar da rabi, nawa ke nan? Daƙiƙa goma sha shida da ɗoriya. Wannan shi ne duk abin da ke tsakaninka da ƙasa idan babu abin da ya buɗe, kuma bai kai tsawon lokacin da muke ɗauka muna gaisawa da maƙwabci ba, kafin ma a kai ga tambayar iyali.

To idan ka jefa 'yar ƙaramar lemar da ke janyo babbar, ka ɗaga kai ka ga abin da ke samanka bai yi kama da lema ba, me za ka yi? Akwai matsalar da ake gyarawa, kamar igiyoyi su murɗe, sai ka raba su da hannu kana harba ƙafa har su warware. Akwai kuma wadda ba ta gyaruwa. Haɗarin yana wajen mutumin da ya ɗauki ta biyu a matsayin ta farko, ya tsaya yana fama, yana cewa saura kaɗan, saura kaɗan, bai sake kallon agogo ba. Saboda haka aka sa iyaka: ɗalibi, idan ya kai ƙafa 2,500 ba shi da lemar da zai iya sauka da ita, ya yanke ta, ƙwararre kuma yana da tasa iyakar. Wannan shawara a ƙasa ake yanke ta, tun kafin a hau jirgi, domin a sama ba wurin shawara ba ne.

Yankewar kuwa ga yadda take. Ku dubi kafaɗar jakar nan, za ku ga zobba uku, babba da matsakaici da ƙarami, kowanne ya ratsa ta cikin ɗan'uwansa. Bill Booth ne ya ƙirƙiro wannan tsari a shekarun 1970, kuma ni a ganina babu dabarar da ta fi ta kyau a duk kayan nan. Kowane zobe yana rage nauyin da ke kan na gaba da shi, har ya zama ɗan siririn madauki da waya guda ne ke riƙe da ƙaton mutum. Ka ja jan matashin nan na dama, wayar ta zare, zobban su kuɓuce, babbar lema ta tafi abinta. Sannan ka ja ƙarfen nan na hagu, ta ko-ta-kwana ta fito. Dama, sannan hagu. Dama, sannan hagu. Idan ka juya tsarin, ka saki ta biyu cikin ta farko, sai su sarƙe, ka rasa duka. Ni har yau, kafin in hau jirgi da kuma kafin a buɗe ƙofa, sai na taɓa su bi da bi, kuma maiɗakina ta ce ta taɓa ganin ina yi a cikin barci.

Sau ɗaya na taɓa yankewa, kuma laifina ne, don na naɗe lemar cikin gaggawa ina son in samu jirgin da ke shirin tashi. Ta buɗe tana juyi da ni, igiyoyi a murɗe har wuyana. Na yi ta harbi ina cewa yanzu za ta warware, da na kalli agogo sai na ga na riga na ɗan gota iyakata. Hannuna ne ya yi aikin, ba kaina ba. Na sauka lafiya a wata gona, na kuma shafe yammacin ranar ina neman babbar lemar a cikin ciyawa.

Na uku... a'a, na ukun ai shi muke ciki tun ɗazu. To, ƙarashensa. Akwai wata 'yar na'ura a cikin jakar da ke aiki idan mutum ya suma ko ya ruɗe. Wani Bajamushe, Helmut Cloth, ya ƙera ta bayan abokinsa ya rasu a wannan wasa, ta fito kasuwa a 1991 da sunan CYPRES. Tana auna matsin iska, ta san tsayinka da gudunka, kuma idan ka kai wajen ƙafa 750 kana gudun da ya wuce mita 35 a daƙiƙa, sai ta datse madaukin da ke rufe da lemar ko-ta-kwana. Ta ceci rayuka da yawa. Amma ƙafa 750 daƙiƙa huɗu ne kacal, don haka wanda ya ce zai jira na'ura ta yi masa aiki, gara ya zauna a gida. A ƙasa ake kunna ta, a filin da za a sauka, domin daga nan take fara ƙirga tsayi.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogonsa, shi ma ya koyi darasin. Sauka, a taƙaice. Kun tuna idon sawun Irvin? A wannan zamani, kaso mai yawa na munanan raunuka da mace-mace suna faruwa ne bayan lema ta buɗe lafiya lau. Lema idan ta juya tana nutsawa ƙasa da sauri, saboda haka juyi mai kaifi kusa da ƙasa yana buga mutum da ƙasa. Ka fuskanci iska idan da hali, amma fiffike a miƙe ya fi muhimmanci, ka ja linzami biyu tare daidai lokacin da ya dace, ka haɗa ƙafafu ka shirya mirginawa. Kada ka yi gaggawar sayen ƙaramar lema don ka ga gwanaye suna yi, kuma kada ka ɗaura kyamara kafin ka yi dirowa 200, domin... Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

Ga waɗanda ba su ji ba, Hajiya ta ce ɗanta yana karatu a Dubai, ya ce zai je ya yi irin wadda ake goya mutum, ita kuma ta hana shi, tana tambaya ko ta yi daidai. Ranki ya daɗe, tsakanin uwa da ɗa ba zan shiga ba, kuma ba zan ce miki babu haɗari ba, don akwai. Abin da zan iya faɗa shi ne, irin wannan dirowa, wadda ake ɗaure baƙo a ƙirjin malami da ƙugiya huɗu, tana cikin mafi ƙarancin haɗari a wannan harka. Malamin ba ya samun izini a tsarin Amurka sai ya yi dirowa 500 aƙalla, suna buɗe lema tun a sama sosai, wajen ƙafa 5,000, kuma na'urar da na ambata tana cikin jakar. Idan kika sassauta, ki ce masa ya faɗi gaskiya a takardar lafiya, musamman idan yana da ciwon zuciya, farfaɗiya, ko kafaɗar da ta taɓa gocewa. Kada ya hau da mura mai toshe hanci, don kunne zai sha wahala. Idan ya yi nutso a teku da tulun iska, ya bari kwana guda ya wuce. Kada ya kama hannun malamin a sama, domin da hannun nan za a buɗe lema. Idan an ce iska ta yi yawa a dawo gobe, ya dawo goben ba tare da gardama ba. Wajen sauka kuma ya ɗaga ƙafafunsa sama sosai ya bar malamin ya fara taɓa ƙasa.

Na'am? A'a, Hajiya, babbar riga ba za ta yiwu ba, za su ba shi kayan da zai sa. Takalmi dai ya je da mai igiya, ya ɗaure shi tamau, don silifa ba ta kaiwa ƙasa tare da mai ita.