Yadda ake karanta dinarin azurfa na Rumawa

Jama'a, ku dubi wannan ɗan sulen da kyau. Faɗinsa bai kai santimita 2 ba, nauyinsa giram 3 da 'yan kai. Dinarin azurfa ne, irin wanda Rumawa suka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, ana tsaka da yaƙi da Hannibal, jagoran sojan birnin Kartaj.

Babu shekara a jikinsa. To, ta yaya masu tara shi suke gane zamaninsa?

Sirrin yana cikin rubutun da ya kewaye kan sarkin. Kada fuska ta ɗauke muku hankali, gemu da hanci sukan yaudari mutum, amma haruffa ba sa ƙarya. Ga sunan nan: TRAIANO, wato Sarki Tarajan, wanda ya yi mulki daga shekara ta 98 zuwa 117 bayan haihuwar Annabi Isa. AVG laƙabin sarauta ne. GER da DAC kirarin yaƙi ne, na Jamus da Dakiya, wato yankin Romaniya ta yau. Sai mu zo kan COS V. Ma'anarsa ya riƙe muƙamin kwansul, wani babban muƙamin mulki a Rum, sau biyar. An san ya hau na biyar a 103, na shida kuma a 112. Ka ga ke nan tsakanin 103 da 111 aka buga wannan.

Yanzu a ɗora shi a ma'auni. A zamanin Agustas, sarkin daular Rum na farko, dinari yakan kai giram 3.9, kusan azurfa zalla. Sarki Nero ya rage masa nauyi a shekara ta 64, ya ƙara gauraya tagulla. Kafin ƙarshen mulkin Saptimiyus Seberus, haifaffen Libiya ta yau, azurfar ta koma kusan rabi.

Jabu kuwa, tun zamaninsu ake yi. Sai a lulluɓe tagulla da siririyar azurfa a kai kasuwa. In ka ga inda fatar ta ɓare, ja ko kore ya leƙo, to irinsa ne. Na 'yan damfarar yau yawanci zubi ne: duba gefe, za ka ga layin haɗi da ƙananan ramuka kamar na zanzana. Na gaske da guduma aka buga shi, shi ya sa da wuya ka samu biyu da suka yi daidai.

Duhun da ya hau jikinsa kuma, don Allah a bar shi. Wanda ya goge shi da man ƙyalli ya karya masa farashi da hannunsa.