Mawaƙi Tsakanin Fada, Ofishin Supirefe da Ɗan Siyasa a Arewacin Kamaru

Assalamu alaikum masu kallo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Lamiɗo a Garwa, ko Marwa, ko Ngaundere ranar hawan Sallah, ya san yadda ake yi. Kakaki ya fara, algaita ta amsa, masu ganguna suna gaban dawakai, bambaɗawa na zuba kirari, sau da yawa da Hausa ko da yake fadar ta Fulani ce. Kiɗan nan shelar mulki ne. Ba kowa ake busa wa kakaki ba, kuma makaɗin fada ya san wanda zai ɗaga da wanda zai yi wa zambo.

Yau za mu bi hanyoyin da hannun gwamnati ke kaiwa ga mawaƙi, da ɗan wasan kwaikwayo, da mai shirya biki a arewacin Kamaru.

Fadar kanta tana ƙarƙashin hukuma. Dokar shugaban ƙasa ta 15 ga Yuli 1977 ta kasa sarautun gargajiya mataki uku, ta mayar da sarakuna mataimakan hukuma. Firaminista ke tabbatar da sarki mai mataki na ɗaya, ministan harkokin cikin gida na biyu, pirefe, wato jami'in gwamnati mai kula da babbar gunduma, na uku. Tun 2013 ana ba su alawus duk wata: sefa 200,000, da 100,000, da 50,000 bisa mataki. Alawus ɗin na sarki ne. Makaɗan fada suna rayuwa ne da kyautar riga, da hatsi, da abin da aka liƙa musu a taro. Saboda haka idan gwamna ko minista ya kawo ziyara aka ce a fito tarya, makaɗi ba shi da ta cewa.

A zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa da ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1982, hanyar ta fi haka ƙunci. Akwai dokar hana zagon ƙasa ta 1962, wadda za a iya ɗaure mutum da ita kan magana kawai. Daga 1966 jam'iyya ɗaya ce, rediyo kuwa na gwamnati ne, har da gidan rediyon Garwa da ake saurare da Hausa da Fulatanci. Waƙar da ta yabi shugaba da haɗin kan ƙasa ta samu iska, wadda ta kauce ta tsaya a zaure. Sai a Disamba 1990 aka soke waccan doka, aka fitar da dokokin 'yanci da ake aiki da su har yau.

Cikinsu, wadda ta fi shafar mai shirya wasa ita ce doka mai lamba 90/055 ta 19 ga Disamba 1990. A nan ne matasa da yawa ke yin asara, don haka a saurara da kyau.

Idan taron a wuri guda ne da jama'a za su shiga, kamar fili ko ɗakin taro, ana kai sanarwa ofishin supirefe, wato jami'in gwamnati mai kula da ƙaramar gundumar da ke ƙarƙashin pirefe, aƙalla kwana 3 cikakku kafin ranar. Cikakku na nufin ba a ƙirga ranar da aka kai takarda, ba a ƙirga ranar taron. Wasan Asabar ke nan, takarda ta isa ranar Talata ko kafin nan. A ciki a rubuta sunayen masu shiryawa da inda suke zaune, da manufar taron, da wuri, da rana, da sa'a, ɗayansu ya sa hannu. Dole kuma a kafa kwamitin mutum 3 aƙalla da zai kula da tsari. Idan kuwa za a zaga kan titi, kamar jerin gwanon makaɗa, kwana 7 cikakku ne, kuma sai an faɗi titunan da za a bi. Fitowar da ta dace da al'ada ko addini, irin hawan Sallah, doka ta keɓe ta daga wannan sharaɗi.

Doka ta ce a ba ka resepise, wato shaidar karɓar sanarwa, nan take. Kada ka baro ofishin da alkawarin baki. Ranar wasa, jandarma takarda zai tambaya. Kuma a rubuta manufar taron yadda take. Wanda ya rubuta "daren al'ada" sannan ɗan takara ya hau dandamali ya yi jawabi, ya ba hukuma hujjar tashin taron da kansa, kuɗin janareta da na kujeru da na amsa-kuwwa duk sun tafi. Game da zaga titi, supirefe na da ikon sauya hanya ko ya hana gaba ɗaya idan ya ga barazana ga zaman lafiya. Mai shiryawa na iya kai ƙara gaban shugaban babbar kotun yankin, wanda doka ta ba kwana 8 ya yanke hukunci. Shi ya sa mai hankali ke kai takarda tun da sauran makonni, don kwana 8 ɗin su samu wurin shiga.

Sai maganar kuɗi. A Disamba 2001 gwamnati ta buɗe asusu na musamman don tallafa wa al'adu, aka sa masa sefa biliyan 1 a shekara. Ma'aikatar fasaha da al'adu ce ke karɓar buƙatu, tana da wakilai a Garwa, Marwa da Ngaundere, amma hukuncin ƙarshe a Yawunde yake. Takardu da Faransanci ko Ingilishi ake rubutawa, da kasafin kuɗi dalla-dalla. Tsohon mai goge ko mai garaya da ya haddace tarihin gari amma bai yi boko ba, an riga an bar shi a baya tun kafin a fara. Wannan rashin adalci ne, kuma aikin 'yan boko na unguwa ne su zauna su rubuta masa. Akwai kuma ƙofa mafi kusa da mutane ke mantawa da ita: dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 ta ɗora wa komin, wato ƙaramar hukuma, alhakin shirya ranakun al'adu da tallafa wa ƙungiyoyin fasaha. Ana zartar da kasafin komin ne kafin sabuwar shekara, don haka buƙatar da ta zo mako biyu kafin biki ta makara. Ƙungiya mai rajista ita ake saurara, kuma tun Yuli 2020 ƙungiyoyin fasaha suna da dokarsu ta daban, mai lamba 2020/011.

Babban bikin fasaha na ƙasa, FENAC, ya sauka Marwa a 2008. Gwamnati ce ke zaɓen wanda zai hau dandamali a irin wannan, kamar yadda ita kaɗai ke iya kai sunan wata al'ada gaban UNESCO. Ta haka bikin Nguon na al'ummar Bamun ya shiga jerin al'adun gado na duniya a 2023, bikin Ngondo na al'ummar Sawa ya biyo baya a 2024.

Amma kuɗin da ya kamata ya riƙe mawaƙi shi ne na haƙƙin mallaka. Dokar 19 ga Disamba 2000 ta ba mai waƙa haƙƙinta muddin ransa, magada kuma su ci moriya shekara 50 bayan rasuwarsa. Gidan rediyo, da otal, da wurin shaƙatawa da ke sa waƙa, duk akwai abin da za su biya. Ƙungiyar tattara haƙƙi ce ke karɓa ta raba, kuma ba ta aiki sai da lasisin minista. A nan matsalar take. Ƙungiyar tattarawar ta sha sauyawa: daga SOCINADA aka koma CMC a 2003, aka janye mata lasisi a 2008, SOCAM ta gaje ta, sai SONACAM a 2017. Kowane sauyi da rigimarsa, da shari'a, da shekarun da mawaƙa suka yi suna jiran rabo. Duk da haka, wanda bai yi rajistar waƙoƙinsa ba, ko an raba ba ya ciki. A kai sunan kowace waƙa, da wanda ya rubuta baiti, da wanda ya tsara kiɗa, da kason kowa. Wani abu da 'yan situdiyo ba su cika sani ba: dokar ta ce waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba dukiyar ƙasa ne. Rera su a gidan biki ba laifi, amma naɗarsu don kasuwa na bukatar izinin ma'aikata da biyan kuɗi.

Mawaƙin da haƙƙinsa ba ya isowa, lokacin zaɓe ne kakarsa. Ba ma ganin laifinsa, yunwa ba ta jiran rabon SONACAM. Sai dai ya san inda iyaka take. Mawaƙin Kamaru Lapiro de Mbanga ya yi waƙar sukar gyaran tsarin mulki a 2008. Aka kama shi a Afrilun shekarar bisa zargin hannu a tarzomar Fabrairu, aka yanke masa shekara 3, ya fito a 2011, ya rasu a Amurka a 2014. Dokar laifuka tana hukunta cin mutuncin shugaban ƙasa da ɓata suna, dokar intanet ta Disamba 2010 kuma ta kai wannan har kan abin da aka ɗora a Facebook ko aka yaɗa ta waya. Zambon da a da ake yi a dandali ya wuce da iska, yanzu yana nan a ajiye, ana iya kunna shi gaban alƙali.

Ga wanda zai yi wa ɗan takara waƙa, lokacin yaƙin neman zaɓe a hukumance mako 2 ne kacal, yana rufewa tsakar daren jajibirin zaɓe. A yi yarjejeniya a rubuce kafin a shiga situdiyo, da shaidu biyu. A karɓi aƙalla rabin kuɗi tun farko, ragowar ranar miƙa waƙa, domin ɗan takarar da ya faɗi wuyar samu gare shi, wanda ya ci ma ya fi shi wuyar samu. A rubuta cewa hayar waƙar aka bayar na wannan zaɓe kawai, mallakarta na mai ita, kuma ba za a sauya baiti ko a ƙara sunan wani ba sai da izininsa. Baitin da ya taɓa abokin hamayya ya tsaya kan aikinsa, kada ya shiga asali, ko ƙabila, ko addini, ko zargin satar da ba a da hujjarta. Idan ɗan takara ya nace sai an saka irin wannan baiti, a tuna cewa muryar da ke cikin waƙar ta mawaƙi ce, kuma sunansa za a rubuta a takardar sammaci.