Malam buɗe littafi a cikin mai jego

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Kumasi. Yau maganar iyayen bakwaini zan yi, wato matan da suka haihu ciki bai cika sati 37 ba, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 kaɗai jarirai kusan miliyan 13.4 aka haifa a haka, kusan ɗaya cikin goma ke nan.

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen jarirai na asibitin Komfo Anokye ya san zaman. Jariri na cikin kwalba, uwa na waje tana tatsar nono a ɗan kofi, ranar suna ta zo an yanka rago a unguwar Aboabo amma ba a ga mai sunan ba. To wannan uwar wa ke auna abin da ke cin ta?

Likitoci suna da takardun tambayoyi na auna fargaba. Akwai wata da aka rubuta a Ingila a 1983, HADS ake ce mata, tambayoyi 14 ne, bakwai a kan fargaba, kuma ɗaya daga ciki tana tambayar mutum ko yana jin tsoro kamar malam buɗe littafi na yawo a cikinsa. A Turanci magana ce mai ma'ana. Amma don Allah ka juya ta haka ka karanta wa mai jego a Asawase, ai sai ta ɗauka tsutsar ciki kake nufi, ta ce a'a, a rubuta mata sifili, alhali da ka ce "gabanki yana faɗuwa?" wallahi hawaye ne za su ba ka amsa.

Masana suna da hanya, wani ya fassara zuwa Hausa, wani daban da bai ga ta asali ba ya maida ita Turanci, a kwatanta. Hanya ce mai kyau amma ni dai ban yarda ta isa ba, don damuwa daban, zullumi daban, tashin hankali daban, kuma Hausar Kano ba ita ake yi a zangonmu ba, nan mace za ta fara magana da Hausa ta ƙarasa da Twi, wata ma Dagbani ne a bakinta.

Sannan ga abin da ya fi damuna. Ƙanwata ta yi wannan zaman, ɗan fari ne, kunya ba ta bari ta ko ambaci sunansa. Ka ce "ya jiki, ya jariri?" ta ce "Alhamdulillah, da sauƙi", ita kuwa kwana uku ba ta runtsa ba, ko ƙarar injin ta canza sai ta miƙe zumbur. A wajenta faɗin tana tsoro kamar rashin tawakkali ne. Ni kaina sai da na ga kokon safe ya huce a gabanta har azahar sannan na gane.

Shi ya sa nake roƙon masu bincike, kafin ku buga takardar tambayoyin da kuka fassara ku zauna da matan nan ɗaya bayan ɗaya, ku karanta tambaya ku ce "Hajiya me kika fahimta?", kuma a sa mace ta yi tambayar, ba a gaban uwar miji ba.