Me ya sa kallon itatuwa ke kwantar da hankali?

Jama'a, barkanmu da war haka. Wannan ruwa da kuke gani tafkin Madarunfa ne, kudu da Maradi. Ku ɗan zuba masa ido. Idan kun ji numfashinku ya fara lafawa, akwai dalili, kuma masana sun auna shi.

A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya duba takardun majinyata 46 da aka yi wa aikin matsarmama a wani asibiti na jihar Pennsylvania. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon itatuwa, sauran kuwa bangon bulo kaɗai suke gani. Masu kallon itatuwa sun riga sauran komawa gida da kusan kwana ɗaya, kuma ba su nemi maganin zafin ciwo mai ƙarfi kamar na ƴan uwansu ba. Aiki iri ɗaya, asibiti ɗaya, taga ce ta bambanta su.

To me ke faruwa a jiki? In hankalin mutum ya tashi, zuciya na bugawa da sauri, tsoka ta ɗaure, tafin hannu ya yi gumi. A 1991 Ulrich da abokan aikinsa suka nuna wa mutum 120 wani bidiyo mai tayar da hankali, sannan aka nuna wa wasu daji da ruwa, wasu kuma tituna. Jikin waɗanda suka kalli daji ya riga na sauran saki.

Rachel da Stephen Kaplan na jami'ar Michigan sun kawo bayanin da ya fi gamsar da ni. Ka tsallaka titi a bakin babbar kasuwa da rana tsaka: ga ƴan kabu-kabu, ga adaidaita, ga mai amalanke na cewa a ba shi hanya. Dole ka tattara hankalinka da ƙarfi, kuma wannan tattarawar tana gajiya. Ganyen da iska ke kaɗawa kuwa yana jan ido a hankali, ba ya neman komai a wurinka, sai ƙwaƙwalwa ta samu ta huta.

Mu nan Allah ya yi mana baiwa. Tun shekarun 1980 manoman yankin Maradi ke barin tohon itatuwa a gonaki su girma, kuma gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an sare itacen harabar makaranta ko ta asibiti don a zuba siminti.

Kallon itatuwa fa ba ya maye gurbin likita. Wanda damuwa ta hana barci ko cin abinci, ya je a duba shi. Amma in kana jinyar wani a gida, juya shimfiɗarsa ta fuskanci tagar da ake hango itace, ka buɗe ta da safe kafin rana ta yi zafi.